Ɓawo Biyu

Ƙarfe uku na dare a Lakewood,
unguwar da titunanta ke amsa sunan tsuntsaye.
Ƙanƙara ta lulluɓe motoci.
Daga ni sai tsohuwa Vilma sai tanda muke farke.

Wankin faranti aka ɗauke ni,
ba wanda ya ce da karatu a ciki.
Amma tsohuwar nan ba ta miƙo abu
ba ta haɗo da sunansa ba.

Chlieb, ta ce, ta ɗora min burodi da zafinsa.
Na ce kilib.
Ta yi dariya har ta sarƙe.
"Daga maƙogwaro, Hambali, kamar ƙayar kifi ta tsaya maka."
Na tuno wani harafi da ya wahalar da ni a Islamiyya,
na kakaro shi, ya fito.
Ta gyaɗa kai, ta koma kan kwaɓinta.

Múka, in ji ta, ta nuna buhu.
"Ka ja wasalin, abin kwaɓi ne.
Ka datse shi, azaba ce."
Na ajiye soso na ce, mu ma haka:
ka ja, gari ne na buhu,
ka datse, gari ne wanda ka baro.
Sannan a bakinmu muka ba ta mutum ɗaya ba ce,
muka zo, muka ga sanyi, muka zauna.
Ta daɗe tana kallona da gari a gira.

Akwai wata kwalba a bayan firji, kvások.
Tsami ne mai rai, ana ba shi abinci kamar akuya.
Ta ce uwarta ce ta ƙetaro teku da shi a ƙunshe,
daga wani ƙauye kusa da Prešov.
Ban yi mamaki ba.
Goggo Tabawa ma takan rage nonon jiya a gindin ƙwarya
don ya kama na yau.

Ran da na kife burodi a kan tebur
sai da ta make min hannu.
Ran da guda ya suɓuce ya faɗi ƙasa
ta sunkuya da wannan bayan nata mai ciwo,
ta ɗauka, ta hure, ta sumbace shi.
Boží dar. Kyautar Allah.
Kafin ta yanka, takan zana alamarta da bakin wuƙa.
Kafin in ci, nakan yi bisimilla.
Ba wanda ya taɓa tambayar wani.

Wata asuba na yi mata ƙorafi,
kuɗin haya, takardu, ƙafafuna da ba sa ɗumi.
Ta ƙwanƙwasa saman burodi, ta juya ta ƙwanƙwasa ƙasa.
"Kôrka. Ɓawo. Mutanenmu sun ce
ko'ina ka je, burodi ɓawo biyu gare shi."
Na ce to ina daɗin?
Ta ɓara shi, tururi ya tashi.
"Striedka. Yana tsakiya. Sai ka tauna ka isa."

Shekara huɗu kafin takardun Uwani su fito.
Na ɗauko su ita da 'yarmu daga filin jirgi,
sai ga Vilma a bakin ƙofa cikin sanyi,
burodi bisa farin ƙyalle mai jan ado,
gishiri a ɗan rami a tsakiyarsa.
Soľ. Wannan na sani.
Na ce su gutsira su dangwala, haka ake yi wa baƙo maraba.

Yarinyar ta tauna, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Baba, wannan gurasar ba sukari."
Vilma ta matso da kunne. "Me ta kira shi?"
Gurasa.
"Guraca."
Yarinyar ta girgiza kai, ta kama hannun tsohuwa,
ta ce a'a, ki sake.