Ƙasa da Lungun

Tun ina ƙarama ƙafafuna sanyi ƙalau,
ko a tsakiyar bazara.
Inna ta ce gadon gidanmu ne.

Sai da ciki ya shiga wata uku
Sista Kubura ta ɗaura awo a damtsena na dama,
ta duba, ta sake ɗaurawa,
ta durƙusa tana laluben bugun jini a idon sawuna
kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗa cikin gero.

A Asibitin Malam, Likita Nafi'u
ya juya bayan katina ya yi zane:
Babbar jijiyar da ta baro zuciya titi ce,
amma a nan ta tsuke ta koma lungu.
Haka aka haife ki.
Kin san Kwari ana jibi salla?
Sama cunkoso, ƙasa ƙamfa.

Na ce: to ɗan nawa ina yake?
Ya ce: ƙasa da lungun.
In mun sauke jinin da yawa, zai kwana da ƙishi.
In mun ƙyale shi, bango na iya tsagewa.

Aka sauya mini ƙwaya.
Na rufe keken ɗinki da tsohon zane.
Sabi'u ya sayo na'urar awo a Sabon Gari,
safe da dare yana rubuta lambobina
a littafin da nake awon ƙugun mutane.
Gwaggo Tabawa ta dama kunun kanwa
na ce likita ya hana,
ta yi kwana tara ba ta amsa gaisuwata.

Duk Talata, daga Gwammaja a adaidaita,
hannuna ɗaya a ƙarfe, ɗaya a mara,
ina roƙon direba ya lallaɓa ramuka.

Ranar, suka ce kar in yi nishi da ƙarfi.
Allura a gadon baya, awo na kumbura yana sacewa,
ni da aka raina da labarin jarumtar naƙuda
aikina kawai numfashi.

Da asuba suka miƙo ta.
Ban duba hancin wa ta ɗauko ba.
Na zura hannu cikin tawul
na kama tafin ƙafarta.

Ɗumi.

Likita ya ce ita ma za a duba zuciyarta,
ni kuma in dawo kafin arba'in,
lungun yana nan inda yake.
Na ce na ji.
Ban saki ƙafar ba.