Ƙafafun Gaba

Ruwa na dukan kwanon garejin Kurahashi
a gabashin Osaka, bayan layin maƙeran kusa,
na shigo da tarin wata bakwai a jaka,
kuɗin dararen da na kwana tsaye a ɗakin haihuwa,
da hoton wani wili a waya, inci sha tara,
mai sheƙin da kana iya duba haƙoranka a ciki.

Tsohon bai kalli hoton ba.
Motar ya zagaya sau biyu,
ya durƙusa gabanta kamar mai gaida suruki,
ya zura yatsa uku tsakanin taya da madigadi,
ya ce, Michiru, motarki da hannuwa take tafiya.

Ban gane ba. Ya miƙe, gwiwarsa na ƙara.
Na baya 'yan rakiya ne, in ji shi,
inda aka ja su nan suke zuwa.
Na gaba su ke ja, su ke juya kai,
su ke durƙusawa in kin taka birki.
Aiki uku a wuyan mutum biyu,
ke kuma za ki ɗaura musu takalmin dalma
don a kalle ki a bakin danja?

Na ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ya ce, to, ɗauki wannan.
Na ɗauka. Ƙuguna ya amsa.
Ɗauki wancan.
Na tattara ƙarfi na yunƙura,
sai abu ya taso kamar faifai,
saura ƙiris in zube ta baya.
Yaronsa Genta ya juya ga bango, kafaɗu na rawa.

Sikelin da matarsa ke auna shinkafa ya raba gardama:
mai sheƙi kilo sha uku,
ɗaya ɗin takwas da ɗoriya,
inci sha bakwai, launin tagullar da ta sha hannu,
na hannu ne ma, da tabon wani a gefensa.

Ya kife shi a benci, ya gitta ƙarfe a baki,
ya auna zurfin mazaunin noti.
In wili ya leƙo waje da yawa,
ranar da kika taka totur a giya ta biyu
sitiyari zai fizge ki kamar akuya a igiya.
In ya shige ciki, ya goge birki, ya ci shokazoba.
Milimita arba'in da biyar. Ya rubuta da alli a ƙasa,
ya ja masa layi biyu.

Na daɗe tsaye tsakanin su biyun.
Ni da ke auna jarirai kullum,
na san abin da rabin kilo yake nufi,
amma zuciya ba ta zuwa makaranta.
Na sake duba fuskata a mai sheƙin,
ta fito da faɗi, hanci kamar ludayi.

Canjin da ya rage ya tafi ga taya.
Noti ashirin, Genta na ɗaurewa tsohon na bi da nasa hannu.

Daren nan na hau hanyar dutsen Ikoma,
kwalta jiƙe, fitilun gari a ƙasa kamar garwashi.
Kwana ta farko na riƙe numfashi,
motar ta bi ta kamar da ma can ta san gidan.
Sitiyari ya yi shiru a tafina.
Ban kunna rediyo ba.

Kwana tara bayan nan, ƙarfe shida na safe,
barci a ido, a gaban asibiti,
na ji ƙurrr a gefen dakalin titi.
Na fito na tsuguna, na shafa wurin da yatsa,
farin ƙarfe ya leƙo daga cikin tagulla.

Na kira shi, murya na rawa.
Wanne? Na ce na gaba, na hagu.
Na ji yana kurɓar shayi.
Ya ce, iska na fita?
Na ce a'a.
Ya ce, to je ki kwanta.