Mai Ƙanƙara a Pantami

Bappayo ya turo bidiyo daga ƙasar sanyi:
ƙarti da sanduna, wuƙaƙe a ƙasan takalmi,
suna sulɓi kan ƙanƙara kamar tarwaɗa,
suna korar wani ɗan baƙin faifai.

Wai gasar ta girmi kakanmu.
Wai a kan daskararren tafki aka faro ta
kafin a yi mata rufi da fitilu.
Kofin ma, da yawan waɗanda suka ɗaga shi
sun kwanta dama.

Ni ko nan Pantami
tun azahar aka ɗauke wuta.
Ƙanƙarata na hawaye cikin buhu,
jarina na bin kwata.

Bappayo, tambayar min su:
in an tashi wasa,
wa suke sayar wa filin?
Azumi saura kwana tara.