Bangon Dafa'allah

A Wad Madani, kafin ladan ya gyara murya,
tukunyar ful ta riga shi tashi.
Kwana take kan garwashi tana gunaguni,
wuya dogo, gindi baƙi ƙirin,
Dafa'allah na zura mata ludayi har gwiwar hannu.

Babu allo a ƙofa, hanci ke kawo mutum.
Teburi uku, ɗaya an tokare shi da guntun bulo.
Benci ya sha gumi har ya yi sheƙi,
fanka na juyawa kamar an yi mata dole.

Da gindin kwalbar lemo yake murƙushe waken,
ya kwarara man riɗi ba awo,
albasa, tumatir, ɗan cuku in aljihu ya yarda.
In bai yarda ba, akwai bosh:
gutsuren burodin jiya a romon wake.
A ci a tashi, ba mai leƙa kwanon wani.

Mu biyar kan kwano ɗaya:
ni da baƙin mai a farce,
Nomau mai facin taya,
malamin lissafi da alli a hannun riga,
direban Gadarif da bai runtsa ba,
sai wani da ya yi sallama kawai, aka matsa masa.
Larabci ta dama, Hausa ta hagu,
loma dai yarenta ɗaya.

Bashi kuwa a bango yake, da gawayi.
Kowa da layinsa.
Nawa ya kai taga har ya karya kwana.
Bara sai ga 'yan duba-gari da takarda:
a shafa farar ƙasa, ko a garƙame shago.
Ya shafa. Cin shekara bakwai ya nutse cikin fari.
Bai ce uffan ba, ya koma kan tukunya.

Washegari Nomau ya zaro gawayi a murhu,
ya ja nasa, goma sha ɗaya,
ya yi jim, ya ƙara biyu saboda kokwanto.
Malam ya ja nasa a miƙe kamar a aji.
Kafin azahar bango ya koma gidan jiya.
Ni ma na ja, amma Allah na gani
na rage uku.
Har yau suna tsaya mini a wuya.

Ɗiyata ta kai ni wani wuri bakin Kogin Nilu,
gilashi, sanyi, cokali uku gefen faranti,
kowa na tauna kamar yana ɓoye laifi.
Na ci, na gode, na sa mata albarka.
Da na fito, ƙafa ta bi hanyar da ta sani.

Dafa'allah ya dube ni, ya dubi gogaggiyar rigata,
ya dubi bango.
Ya ce, "Zauna, kada ka ɓata ta,"
ya ƙara mini mai.