Kwana na Uku, Tsakanin Keita da Buza

Mun tashi kafin ladan ya gyara murya.
Alkasum ya naɗe tabarma, ya ɗaure a saman jaka,
ni kuma na ƙirga abin da ya rage:
dabino goma sha ɗaya, rabin cuku,
bidon biyu na ruwa.
Ɗaya yana yoyo tun jiya. Ban faɗa masa ba.

Daga ƙasa, dutsen Adar ba ya ba da tsoro,
kansa a shafe kamar an yanke da wuƙa.
Sai ka hau ka tarar da wani a bayansa,
da wani a bayan wancan,
kowanne da jar tsakuwa mai gudu ƙarƙashin ƙafa
kamar tana da inda za ta.

A Tawa, kan sikelin mai albasa,
jakata kilo goma sha huɗu ce.
Da hantsi ta fara ƙiba.
Kafin azahar ta zama jaki, ni ke goye da shi.
Igiyarta ta ci kafaɗa har gumi ya sami ƙofa,
bororon diddige ya fashe cikin safa,
takalmin hagu ya buɗe baki,
na ɗaure shi da robar tayar keke, ya yi shiru.

Babu inuwa sai ta anza,
wadda ba ta isa kai da gwiwa a lokaci guda.
Babu rezo. Taswirar da ke cikin waya
ta ce akwai rijiya a bayan kwazazzabo.
Akwai kuwa.
Na jefa dutse, na kasa kunne,
dutse ya gaisa da dutse.

A nan na faɗa masa zancen bidon.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya ɗaga shi sama, ya dubi rana ta cikinsa,
ya ajiye a hankali kamar ƙwai,
ya wuce gaba.
Awa biyu ina bin ƙeyarsa,
ba abin da ke magana sai ƙarangiya a wando.

A gangare na huɗu ko na biyar
muka iske layukan duwatsu,
jere, tsayin gwiwa, suna bin cinyar tudu.
Mata suka jera su a shekarun fari
don ruwan sama ya tsaya ya gaida ƙasa.
Innata Barira tana cikinsu, da ni a bayanta.
Ba ta da jaka mai soso a kafaɗa,
gammo ne, sai wuya.
Na ɗaga ɗaya don in ji.
Na mayar da shi daidai gurbinsa,
kunama ta riga ni sanin amfaninsa.

La'asar sakaliya, wata tsohuwa da awaki bakwai
ta tsaya tana kallonmu, hannu a kunkuru.
Motarku ta mutu ne?
A'a.
Wani ya kore ku?
A'a, Inna, yawo muke.
Ta dubi takalmina, ta dubi Alkasum,
ta ce Allah ya ba ku lafiya,
irin addu'ar da ake yi wa wanda kansa ya taɓu.
Sannan ta miƙo gora.
Ruwan ɗumi ne, mai warin hayaƙi da akuya.
Na sha uku, na ƙirga,
na ba shi sauran.

Ba mu kai Buza ba.
Ga fitilunta can ƙasa, kamar an zubar da gero,
kusa a ido, nesa a ƙafa.
Mun shimfiɗa a kan fako, dutse bai huce ba tukuna.
Na yi taimama da ƙasar da ta wahalar da ni.

Cikin duhu ya ce, dabino nawa suka rage?
Na ce biyar.
Ya ce ci uku, gobe kai za ka shige gaba.