Ɗakin Sama

Matakala ɗari da goma sha biyu
daga bakin titi zuwa ƙofata.
Shekara hamsin ina ƙirga su da ƙafa,
yanzu baƙina ke ƙirga su da haki,
akwati a hannu, takardar jami'a a aljihu.

Sunana Hortensia. Garina Valparaíso,
inda gidaje suka ɗare kan tudu kamar awaki
suna leƙen teku.
Da Baldomero ya rasu na share ɗakin sama,
na aika wa jami'a: akwai gado, akwai miya,
a turo min ɗan wani.

Akwai 'yan mako shida, masu cewa hutun bazara suka zo.
Sukan sauka a Yuli da gajeren wando,
ba wanda ya gaya musu
bazararsu ita ce hunturunmu.
Anselm ya kwana uku cikin rigar ulun mijina,
hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu.
Ya ɗauki hoton kyanwata, hoton tukunya,
har igiyar shanya ba ta tsira ba.
Ya koyi "na gode", ya koyi "nawa ne",
ranar da harshensa ya soma laushi
ranar motar filin jirgi ta yi oda a ƙasa.

'Yan zango guda kuwa, wata biyar cur,
su ne masu ba ni wahala.
Hye-rin ta yi wata ɗaya ba ta ce uffan ba,
sai kuka a banɗaki, famfo a buɗe don kada in ji.
Na ji. Takardar kuɗin ruwa ma ta ji.
A wata na biyu ta ɓata a motar haya,
ta dawo da magariba da kifi a leda.
A na uku ta tsare mai burodi kan canjinta
da baƙar magana irin ta unguwarmu,
na rufe fuska da gyale ina dariya.
Daren da ƙasa ta girgiza, kofuna na kaɗawa,
ba fasfonta ta nema ba,
hannuna ta kama, muka tsaya a bakin ƙofa
har fitila ta daina lilo.
Sai wata na biyar.
Ta bar min kwalbar yajin garinsu,
na kasa ci,
na kasa zubarwa.

Jiya jikata Maite ta hauro, ita ba ta haki,
ta ture kwanon albasa, ta shimfiɗa takardu biyu.
Ɗaya mako shida a Lisbon, kuɗin sabon firiji.
Ɗaya zango guda a Montreal, makaranta ta ɗauki rabi,
ɗaya rabin kuwa,
ta ɗaga kai ta dubi rufin da ke yoyo, ta yi shiru.
"Kaka, ke da kika ga kowanne, wanne zan ɗauka?"

Ni da ban taɓa wuce Santiago ba!
Duniya ce ta yi ta hauro min matakala
tana neman tawul.

Na ce, baƙon mako shida raɓa ne,
kafin hantsi ya bushe, kuma raɓa ba laifi ba ce.
Na wata biyar yakan yi saiwa,
tumɓuke saiwa kuwa da ciwo, ga shuka, ga ƙasa.
Na sauko da gwangwanin biskit daga kan kabad,
hayar ɗakin sama ta shekara tara,
na ce rufi ya jira wata damina.

Ki tafi mai tsawon.
Ki sayi rigar sanyi tun daga nan.
In kuka ya zo miki a gidan wata tsohuwa,
kada ki buɗe famfo.
Bar ta ta ji.