Kada Ka Taɓa Fentin

Shekara talatin da ɗaya tana nan,
ƙarƙashin durumin gidanmu a Rafindadi,
tayoyinta sun nutse a ƙasa har wuya
kamar saniyar da ta kwanta ta ƙi tashi.
Mustan ce, ƙirar sittin da takwas,
silinda takwas a ƙirjinta.
Alhaji Barmo ya saye ta hannun Baturen rijiyoyi
da kuɗin gyaɗar kaka biyu.
An ce in ya tayar da ita a Ƙofar Sauri
sai tantabarun Ƙofar Ƙaura su watse.

Ni dai kaza na taso na gani tana ƙwai a kujerar baya.

Da Alhaji ya cika, 'yan gwangwan suka fara zuwa.
Suka ƙwanƙwasa jikinta suna saurare
kamar masu sayen kankana,
suka ce ƙarfe kilo ne, ba tarihi ba:
dubu ɗari uku, su zo da guduma.
Na ce albarka.
Na sayo jan fenti galan biyu,
na yi magana da Iro mai walda:
a liƙe, a goge, a fesa,
ko tsohuwa ta yi kyan gani.

Ranar da za a fara, sai ga Sallau dillali
da wani baƙo daga Ikko, siriri, tocila a hannu.
Ya ga galan, ya dafe kai.
"Kada ka taɓa fentin!
Wanda ya shafe ta ya shafe rabin kuɗinta."

Ya kwanta rigingine cikin kashin kaji
da farar rigarsa, ya shige ƙarƙashinta.
Ya kankare lambar inji da farce,
ya gwada da ta jiki, suka zo ɗaya,
ya yi murmushin da ya so ɓoyewa.
Sallau ya taka mini ƙafa.

Sannan aka shiga lissafi.
Tsatsar ƙasa, inda rana ke leƙowa, a rage.
Sitiyarin asali, a ƙara.
Gilashin baya da babu, a rage.
Takardar kwastan da Hajiya Talle ta ajiye
cikin adaka, tare da zannuwan aurenta, a ƙara sosai.
Lotsawar gefen hagu kuwa,
ya ce wannan a rage miliyan guda.

Hajiya daga bayan labule ta ce:
"Wannan daren haihuwarka ne.
Katangar asibiti ya daka, yana sauri da ni."
Baƙon bai ji Hausa ba.
Sallau bai fassara ba.
Aka rage miliyan guda.

Ya taya goma sha biyu. Na ce albarka,
muryata tana rawa kamar ta mai ƙarya.
Sha biyar. Sallau ya dubi sama, yana auna la'ada.
Sha takwas.
Mu tara ne magada,
biyu suna makaranta, rufin ɗakin Hajiya yana yoyo.
Na sallama.

Har yau ban san ko na ci ba, ko an ci ni.
Iro ya ce a can ƙetare kuɗin zai ninka biyar.
'Yan gwangwan sun ce baƙon mahaukaci ne.
Abu ɗaya, farashi uku,
ya danganta da wanda ya durƙusa ya duba.

Da sarƙa aka ja ta, tana kuka,
saiwar durumi ta riƙe ta sau biyu kafin ta saki.
Inda ta tashi, ƙasar fara ce, mai kusurwa huɗu,
ruwan sama bai taɓa ta ba tun ina yaro.
Kazar ta zo, ta zagaya, ta tsaya a tsakiya.

Fentin yana nan a zaure.
Ba wanda ya taya.